Sharhi: Akwatunan da masu su ba su dawo ba

Jama'a masu sauraro, a kudancin ƙasar Poland, yamma da birnin Krakow, akwai wani gari da Jamusawa suka raɗa wa suna Auschwitz. A nan ne gwamnatin 'yan Nazi ta Hitler ta buɗe sansani a 1940. Kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su iso ranar 27 ga Janairun 1945, an hallaka mutum kusan miliyan 1 da dubu 100 a wurin. Kimanin miliyan 1 daga cikinsu Yahudawa ne, sauran kuma 'yan Poland ne, da 'yan ƙabilar Roma, da fursunonin yaƙin Sobiyet. Tun 1947 aka mayar da sansanin gidan tarihi.

Adadi ba ya shiga zuciya kamar abin da ido ya gani. A wani ɗaki, bayan gilashi, an jibge akwatuna. Jikin da yawa daga cikinsu akwai suna da adireshi, wasu har da ranar haihuwa, an rubuta da farin fenti. Masu su sun rubuta ne don kada kayansu su ɓace, domin ce musu aka yi sabon mazauni za a kai su. Mutum ba ya rubuta sunansa a akwati sai yana sa ran zai sake buɗe shi. A gaba kuma ga tulin takalma, ciki har da na yara, wasu ko tafin hannu ba su cika ba. Ga ɗakin da aka ajiye gashin da aka aske wa mata, kusan tan 2, inda aka hana ɗaukar hoto sam.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a 2019 sai da hukumar gidan ta fito ta roƙi baƙi su daina tafiya a kan layin dogon Birkenau, wato sashe na biyu na sansanin Auschwitz, suna ɗaukar hoton nishaɗi. Ta wannan layin ne fa aka shigo da mafi yawan Yahudawan Hungary sama da dubu 400 da aka kwaso a 1944, akasarinsu kuma daga jirgi sai ɗakin iskar guba.

Mu da aka koya mana ladabin ziyarar maƙabarta tun muna yara, mun san ba a shewa a can, ba a taka kabari. To, Birkenau maƙabarta ce, sai dai babu kaburbura, domin ƙone gawarwakin aka yi, aka watsa tokar a filaye da tafkuna da koguna. Duk wanda Allah ya kai shi, ya sassauta murya, ya sa waya a aljihu, ya tsaya gaban akwatunan nan ya karanta ko da suna ɗaya.