Yadda Fuskar Waya Take Gane Yatsanka, da Abin da Ke Sa Ta Rikice

Ɗauki wayarka ka taɓa fuskarta da fensir. Ba abin da zai motsa, ko da ka danna da ƙarfi. Yanzu ɗora yatsa a hankali. Nan take ta amsa. Fuskar wayar zamani ba nauyin hannu take ji ba, lantarkin jikin mutum take ganewa, kuma wanda ya fahimci wannan ya gane rabin matsalolin sikirin.

Abin da muke kira sikirin hawa uku ne a manne. Na sama gilashi ne mai tauri, irin Gorilla Glass na kamfanin Corning, wanda ake tsoma shi cikin narkakken gishirin potasiyam mai zafin kusan digiri 400 don fatarsa ta yi ƙarfi. Na ƙasa shi ne allon da ke fitar da hoto. A tsakaninsu akwai wanda masu gyara ke kira tach: wata raga ta layukan lantarki, a tsaye da a kwance, sirara har ido ba ya ganinsu. Duk inda layi biyu suka gicciya akwai ɗan caji a ajiye. Da yatsa ya kusanto, sai ya janye kaɗan daga cajin, wani ƙaramin cif, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ya lissafa a wace mahaɗa aka samu ragin. Yana wannan dubawa sau 120 ko 240 a daƙiƙa ɗaya, a wasu wayoyin wasanni ma fiye da haka.

Shi ya sa safar hannu mai kauri ke hana waya amsawa, ta raba fata da gilashi. Ruwa kuma akasin haka yake yi. Ɗigo ɗaya na gumi ko na ruwan sama yana ɗaukar lantarki, sai waya ta zaci yatsa ne, ka ga tana buɗe manhajar da ba ka taɓa ba.

Idan waya tana danna kanta alhali a bushe take, kada a yi saurin zuwa canza sikirin. A fara zare caja. Caja marar inganci tana turo wuta mai hargitsi, wannan hargitsin yana shiga ragar tach ya ruɗa lissafin. In abin ya tsaya da zarar an zare, to laifin caja ne ko na kebul. In bai tsaya ba, a ɓare gilashin kariya, domin wanda ya tsage ko iska ta shiga ƙarƙashinsa yakan jawo hakan. Sai a kalli wayar ta gefe. In sikirin ya ɗago daga jikinta ko da kaurin farce ne, batir ne ya kumbura yana turo shi daga ciki. Wannan ba abin jinkiri ba ne: a daina cajinta, kada a matse ta, a kai a canza batirin.

Don gano inda tach ya mutu, a buɗe manhajar zane a ja layuka daga sama zuwa ƙasa, sannan daga hagu zuwa dama, a hankali. Inda layi ya yanke, nan ne. Yawanci za a ga mutuwar ta bi layi ɗaya miƙaƙƙe, saboda zare ɗaya ne na ragar ya tsinke. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# a wurin buga lamba yana buɗe shafin gwaji.

Allon hoto iri biyu ne. LCD yana da fitila a baya mai haska allon gaba ɗaya, shi ya sa baƙinsa ke zama toka-toka a ɗaki mai duhu. A OLED kowane ɗigo na hoton da haskensa, baƙi na nufin ɗigon a kashe yake, don haka baƙin shafi yana rage cin batir. Rauninsa shi ne hoton da ya daɗe a wuri ɗaya da haske mai yawa yakan bar inuwa ta dindindin, kamar alamar batir da agogo a sama. Rage haske da gajarta lokacin kashe fuska suna jinkirta hakan, amma in ta riga ta zauna, ba manhajar da ke goge ta.

Sai maganar ƙarzuwa, wadda mutane da yawa ke ɗora wa makulli. Makulli da tsabar kuɗi sun fi gilashin laushi. Yashi ne abin tsoro, ƙwayarsa ta fi gilashi tauri, kuma ƙwaya ɗaya a aljihu ta isa ta zana layi. Kafin a goge fuskar waya, a fara hure ƙurar, sannan a bi da ƙyalle mai laushi. A guji sabulu mai ƙarfi da maganin wanke tagogi, suna cinye siririn shafin da ke sa yatsa ya zame kuma yake hana maiƙo kamawa.