Amfanin Ƙaho da Sharaɗin Askar Wanzami

(Lacca ce da aka gabatar a Zangon Kumasi, aka rubuto ta daga faifai.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, iyaye mata da sauran 'yan'uwa, ƙaho ba baƙon abu ba ne a Zango, domin duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ya san wanzami da zabirarsa. Ya san yadda yake kafa ƙahon sa a gadon baya, ya zuƙe iskar da baki har fata ta kumburo, ya cire ya yi 'yan tsage da aska, sannan ya mayar ya ja jini.

Asalinsa a addini tabbatacce ne. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa waraka tana cikin abubuwa uku, wato shan zuma da tsagar mai ƙaho da lalas da wuta, tare da hani a kan na ukun. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho, ya kuma biya Abu Ɗaiba ladansa. Daga hadisi ne kuma wanzamai suka ɗauko ranakun 17 da 19 da 21 ga wata.

Inda binciken likitoci ya fi ba shi goyon baya shi ne ciwon baya da ciwon wuya da ƙagewar kafaɗu, saboda zuƙar tana janyo jini zuwa wurin, naman da ya ɗaure ya saki, raɗaɗi ya lafa na wani lokaci. Mai dako a kasuwar Kejetia da direban da ya wuni a kan hanyar Tamale su ne suka fi sanin wannan sauƙi. Hatta ɗan ninƙayar Amurka Michael Phelps an ga shatin ƙaho a kafaɗarsa a gasar Olamfik ta 2016, sai dai nasa busasshe ne, babu tsaga.

Amma baƙin gudan da muke kira mataccen jini, jini ne mai lafiya da ya daskare a cikin ƙaho. Saboda haka mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya ajiye ƙwayoyinsa don an yi masa ƙaho. Mai sikila da mai ƙarancin jini da mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini kuwa, su fara jin ta bakin likita.

Babban abin tsoro yana bakin aska. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini, kuma goge aska da tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ta, ga shi cutar ta yi yawa a Gana. Don haka, Malam wanzami, sabuwar reza ga kowane mutum, a ɓare ta a gabansa, a sa safar hannu, a koma ga kofunan da ake jefarwa, a kuma bar zuƙa da baki. Dokar magungunan gargajiya ta shekarar 2000 ta tanadi rajista ga masu irin wannan sana'a. Wanda kuma aka taɓa tsaga shi da askar haɗaka, ya je asibitin Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa da shi a gwada jininsa, idan ba ya ɗauke da cutar a yi masa allurar rigakafi.