Ƙadandoniya a kan yuro 25

Jama'a assalamu alaikum, ku matso ku ga abin mamaki. Ƙadandoniya ce fa a cikin akwatin gilashin nan! Shagon sayar da dabbobi ne a nan Gent, ƙasar Beljiyam, kuma yuro 25 suka rubuta mata. Abin da Inna ke sharewa da tsintsiya a tsakar gida da damina, shi ake kiwo a nan kamar kyanwa. Da na sani ai da na ciko bokiti.

Masu saye ƙafafu suke kallo, ni kuwa cikinta nake tunani, don karatun tsutsotsi ne ya kawo ni garin nan. Makon jiya muka fede guda a ɗakin gwaji. Ana tsaga ƙarshen hanjin cikin ruwan gishiri sai ga tsutsotsi farare kamar zaren ɗinki, suna ta mutsu-mutsu. Iri biyu muka samu, Rhigonema da Thelastoma. Ita Thelastoma tun 1849 Joseph Leidy ya raɗa mata suna a Filadelfiya ta Amurka, kuma dangin tsutsar nan ce mai sa yara susar dubura da dare.

Wahalar tana wajen gane wace ce wace. Matan duk kama suke yi, sai ka nemo namiji, shi kuma ɗan ƙarami ne. Ka sa shi a madubin ƙara girma, ka auna maƙogwaro, ka ƙirga ƙananan tsiron da ke jikin wutsiya, ka duba ƙayar da yake barbara da ita. Namijin Rhigonema ƙaya biyu gare shi. Kwana uku ina neman namijin Thelastoma, idona har ya yi ja. Kun san namijin dangin nan ba shi da uba? Daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba yake fitowa. Ikon Allah ke nan.

Wanda zai zo wannan karatu, ya ji ni da kyau. Kada ka zuba duk tsutsotsinka a fomalin, ruwan da ke hana abu ruɓewa, kamar yadda na yi, yana lalata DNA, wato sinadarin gadon halitta. Ware wasu a giyar gwaji, wato etanol, tun farko. Kuma ka sa safar hannu. Ruwan da ƙadandoniya ke fitarwa in ta ji tsoro ya rine mini yatsu, dube su, kamar na yi ƙunshin lalle. Ranar Juma'a a masallaci wani ɗan Maroko ya kalli hannuna ya kalle ni, ni dai ban ce masa komai ba.