Daga Niigata: Awon Yashin da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji a bayana, guduma ce, kuma ita ce ta kawo mu nan. Muna birnin Niigata na ƙasar Japan, kusa da kogin Shinano. Gini za a yi a filin nan, amma sai an fara sanin halin yashin da ke ƙasa tukuna.

A ranar 16 ga Yuni 1964 girgizar ƙasa ta afka wa garin nan. A unguwar Kawagishi, gidajen bene masu hawa huɗu sun kishingiɗa, wani ma ya kusa kwanciya gaba ɗaya, alhali bangonsu bai farfashe ba. Gadar Showa, sabuwa fil, ta rufta cikin kogi. Siminti da rodi ba su gaza ba, yashin da ke ɗauke da su ne ya koma kamar ruwa.

Kun san in an zuba gero a mudu aka jijjiga, sai ya sauka. Haka yashi mara matsewa yake son yi idan ƙasa ta girgiza. To amma in ruwa ya cike tsakanin ƙwayoyinsa, ruwan ba ya samun hanyar fita da sauri, sai nauyin ginin ya koma kan ruwan, ƙwayoyin su saki juna. Shi ya sa tambayar injiniya ɗaya ce: yashin nan a matse yake ko a sake?

A kan tudu abin da sauƙi. Ka haƙa ɗan rami, ka auna nauyin abin da ka kwaso, ka cika ramin da yashin da ka san awonsa, lissafi ya fito. Amma da zarar ka wuce inda ruwan ƙasa ya fara, rami ba ya tsayuwa. Ka tura bututu ka ɗebo, yashin ya zube a hanya, wanda ya rage kuma ya riga ya sauya zama. Saken ya matsu, matsattsen ya saki. Abin da kake son aunawa, ɗibar ce take lalata shi.

Sai aka koma tambayar yashin a inda yake. Ku matso ku gani. Gudumar nan kilo 63.5 ce, ana sako ta daga tsayin santimita 76 a kan sandar ƙarfe mai bututu a ƙarshenta, wadda aka zura cikin ramin da aka haƙa. Santimita 15 na farko ba a lissafa su, don haƙa ta dama wurin. Daga nan ake ƙirga bugu nawa za a yi kafin bututun ya nutse santimita 30. Ƙasa da 10, yashi a sake yake. Daga 30 zuwa 50, ya matsu. In ya haura 50, sai hamdala.

Ku lura da tiyon da bawan Allahn can yake riƙe da shi, yana ta ɗura ruwa a ramin. Wannan shi ne abin da na fi so ku gani yau. In ruwan cikin rami ya yi ƙasa da na kewaye, sai na waje ya tunkuɗo yashi daga gindi, ya sassauta shi. Ka buga ka sami 8 a inda ya kamata ka sami 20, mai gini ya kashe kuɗin da bai kamata ba. In kuma yashin ya cusu cikin bututun kariya, wato wanda ke hana bangon ramin ruftawa, aka buga a kansa, lambar ta hau, a ce ƙasa lafiya lau. Wannan ya fi muni. Ga kuma zurfi: yashi iri ɗaya yana ba da lamba mafi girma a can ƙasa saboda nauyin da ke kansa, dole a gyara lissafin. Ni dai ba na yarda da lamba sai na san yadda aka haƙa ramin.

Akwai dabarar mutanen Holan, wadda suka fara tun shekarun 1930: ƙarfe mai tsini ake dannawa a hankali, santimita 2 a daƙiƙa, na'ura tana rubuta turjiyar ƙasa. Ba rami, ba bugu, sai dai ba ta fito maka da yashin ka gani.

Wanda ya nace sai ya riƙe yashin a hannu yadda Allah ya ajiye shi, sai ya daskarar da ƙasar, kuma masu binciken Japan sun yi hakan a garin nan. Ana zura bututu a ɗura ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ƙanƙara ta riƙa yaɗuwa a hankali daga tsakiya, tana korar rarar ruwa waje, ƙwayoyin ba su motsa ba. Sai a yanko dunƙulen a kai ɗakin gwaji. A yashi mai tsabta take aiki, in akwai laka sai ƙasar ta kumbura. Tsadarta kuwa, sai babban aiki ko bincike.

An ce in matsa, za su ciro bututun. Bari in sa hular kwanona mu je mu ga launin abin da ya fito.