Jawabin Maraba ga Mai Girma Bishop daga Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, Reshen Wannan Ikklisiya

Mai Girma Baba Bishop, Fada mai kula da wannan Ikklisiya tare da abokan aikinsa, Sistoci, shugabannin majalisar Ikklisiya, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

A madadin 'yan Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul na wannan reshe, muna yi maka barka da zuwa, muna kuma gode wa Allah da ya kawo ka lafiya. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, domin duk wanda ke zaune a nan ya san irin kiwon da kake yi wa garken da aka danƙa maka, ya kuma san ƙofarka a buɗe take ga mai ƙaramin ƙarfi. Wannan ne ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin buƙatarmu tun daga farko: Baba, muna roƙon ka sa baki a ba ƙungiyar nan ɗaki guda a harabar majami'a, mai ƙofa da makulli, inda za mu riƙa taro, mu ajiye kayan taimako, mu kuma saurari mabukata cikin rufin asiri.

Muna neman izini mu ɗan taɓa tarihin ƙungiyar, domin a cikinsa hujjarmu take. A shekarar 1832 annobar kwalara ta auka wa birnin Paris na ƙasar Faransa, ta kashe mutane kimanin 18,000, kuma unguwannin talakawa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A lokacin akwai wani ɗalibin shari'a mai suna Frederic Ozanam, wanda shi da abokansa suke halartar zauren muhawara na ɗalibai, suna kare bangaskiyarsu da kaifin baki da zurfin karatu. Wata rana wani abokin hamayyarsu ya yarda cewa Ikklisiya ta yi manyan abubuwa a zamanin da, sai dai ya nemi su nuna masa abin da su kansu suke yi wa matalautan birnin a yanzu. Maganar ta soki Ozanam, kuma maimakon ya shirya martanin da zai rufe bakin mutumin, sai ya karɓi gaskiyar da ke cikin zargin. Shi da abokinsa Auguste Le Taillandier suka kwashi itacen da suka tanada don jin ɗumi a lokacin sanyi, suka kai wa wani matalauci. Mun daɗe muna koya wa matasanmu wannan, cewa shugaban kirki yakan saurari ko da mai sukarsa ne, in ya ga gaskiya ya tashi ya yi aiki da ita.

Ranar 23 ga Afrilu, 1833, ranar da Ozanam ya cika shekara 20 a duniya, ɗalibai shida suka zauna suka kafa ƙungiyar. Inda suka zauna shi ne abin da muke so Baba ya duba da kyau. Wani dattijo mai suna Emmanuel Bailly, wanda ke buga wata jaridar Katolika, shi ya buɗe musu ofishin jaridarsa, ya ce su riƙa haɗuwa a ciki. Samarin ba su da kuɗi, ba su da suna a gari, amma mutumin da ya kusa ninka su a shekaru ya ba su wurin zama, ya rufa musu baya da mutuncinsa. Su kuma, duk da cewa tunanin daga gare su ya fito, suka ɗora shi a kan kujerar shugabanci. Ozanam, wanda yau duniya ta fi sanin sunansa, bai taɓa zama shugaban ƙoli na ƙungiyar ba har ya rasu a Marseille ranar 8 ga Satumba, 1853, yana da shekara 40. Bailly ma da lokaci ya yi, a 1844, ya sauka ya miƙa wa wani. A zamanin da ƙananan ƙungiyoyi ke tsagewa gida biyu a kan wa zai riƙe littafin kuɗi, wannan abin a tsaya a yi tunani ne.

Ba su kuma ɗauka cewa karatun jami'a ya sanar da su talauci ba. Suka nufi Sista Rosalie Rendu, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana hidima a unguwar Mouffetard, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi talauci a Paris. Ita ta ba su sunayen iyalan da za su ziyarta, ta koya musu yadda ake shiga gidan mabukaci da ladabi, a zauna, a saurare shi, kada a bar shi da jin an zo kallon halin da yake ciki. Daga nan muka gaji ziyarar gida mutum biyu-biyu, da kuma jakar sirri da ke zagayawa a ƙarshen kowane taro, wadda kowa ke tura hannunsa ciki a dunƙule, ta yadda ba mai sanin wa ya sa da yawa, wa ya sa kaɗan, wa kuma bai sami abin sawa ba a wannan mako.

Da suka haura mutum 100 a ƙarshen 1834, Ozanam ya kawo shawarar a raba su rassa, domin taron ya yi girman da ba a iya sauraron labarin kowane iyali. Muhawarar ta yi zafi ƙwarai, saboda abokai ba sa son rabuwa, amma aka raba, aka kuma rubuta dokokin ƙungiya a 1835. Paparoma Gregory na 16 ya amince da ita a 1845, yau kuma tana aiki a ƙasashe kimanin 150. A 1997 Paparoma John Paul na Biyu ya ɗaga Ozanam zuwa matsayin Mai Albarka, wato matakin da ke gab da na Waliyyi, a majami'ar Notre-Dame ta Paris, a 2003 kuma ya yi wa Sista Rosalie haka.

Baba, reshenmu ƙarami ne, amma ba ma jin kunyar ajiye tarihinsa kusa da wancan. Iyayenmu da suka kafa shi, waɗanda da yawansu sun yi barci cikin Ubangiji, ma'aikata ne masu ƙaramin albashi da mata masu ƙananan sana'o'i, kuma daga aljihunsu suka fara. Tun daga lokacin ba a daina ziyarar gwauraye da marayu da marasa lafiya da 'yan kurkuku ba, ba mu kuma taɓa tambayar mabukaci addininsa kafin mu miƙa masa hannu ba, domin dokar ƙungiya ta hana. Akwai yaran da jakar sirrin nan ta biya wa kuɗin makaranta, yau suna zaune a cikin wannan taro da iyalansu.

Duk da haka, har yau a baranda muke taro. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa ko ɗakin ba mu da shi. Littafin da ke ɗauke da sunayen iyalan da muke taimakawa, wanda amana ce da bai kamata kowa ya leƙa ba, a cikin leda sakatarenmu yake yawo da shi daga gida zuwa majami'a. Tufafi da barguna da masu bi suka bayar suna warwatse a gidajen 'yan ƙungiya, waɗansu a ƙarƙashin gado, kuma a daminar da ta wuce ruwa ya lalata kaso mai yawa daga cikinsu kafin su kai ga masu su. Abin da ya fi ci mana rai shi ne na wata uwa da mijinta ya rasu, wadda ta zo ta faɗa mana halin da take ciki. Ta fara magana ke nan 'yan mawaƙa suka fito daga gwaji suna wucewa ta barandar, a cikinsu har da maƙwabtanta. Ta ja mayafinta, ta ce dama gaisuwa ce ta kawo ta, ta tafi. Sai da 'yan'uwa biyu suka bi ta gida kafin muka san cewa mai gidan haya ya ba ta wa'adin tashi.

Mun rubuta takarda a kan wannan magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An yi mana alkawari, an ce mu jira a gama wani gini, aka gama, aka ce mu ƙara haƙuri. Ba mu zo kai ƙarar kowa ba, mun san buƙatun Ikklisiya suna da yawa, amma akwai ɗaki a bayan zauren taro wanda babu komai a cikinsa sai karyayyun bencina da tsofaffin kwanukan rufi. Ba mu nemi ko kwabo na gyara ba. A cikinmu akwai kafinta, akwai magini, sun kuma ce za su yi aikin kyauta. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa.

Sauran roƙonmu biyu ne, ba za mu tsawaita a kansu ba. Muna so a naɗa mana Fada mai ba da shawara ta ruhaniya, wanda zai riƙa zama da mu a taro, muna kuma neman izinin karɓar baiko na musamman domin matalauta a Lahadin da ta fi kusa da 27 ga Satumba, ranar tunawa da Waliyyi Vincent de Paul. Idan har ba za a iya duba dukansu a wannan ziyara ba, Baba, a bar waɗannan biyu zuwa wani lokaci, a ba mu ɗakin. Muna roƙon kafin ka tashi ka ɗan taka tare da shugabanmu da Fada, ka gan shi da idonka.

Mun gode da ka saurare mu. Ubangiji ya ƙara maka lafiya da hikima, ya mayar da kai gida lafiya.

Shugaba da Sakatare, a madadin kwamitin tarba da dukan 'yan ƙungiya.