Ga Digiri, Ga Tabon Gidan Yari: Ta Ina Za A Fara Neman Aiki?

Assalamu alaikum masu kallonmu.

A ce mutum ya yi digiri a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, ya yi hidimar ƙasa, ya yi shekaru yana aikin akanta, sai ƙaddara ta kai shi gidan yari. Ya fito ya kai takardunsa banki, da jin tarihinsa sai a ce za a neme shi. Ya sauko ya nemi tsaron shago a kasuwar Wunti, mai shago ya ga digiri ya ce, "Malam, ai ka fi ƙarfin aikin nan." Gaba kura, baya sayaki.

Ɗan'uwa, fara sanin matsayinka a wurin doka. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Saboda haka idan an kori ƙararka ko an wanke ka, je wurin rajistaran kotun ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. Fom ya tambaya ko an taɓa yanke maka hukunci, amsarka a'a ce, kuma gaskiya ka faɗa. Abin takaici ne a ga wanda kotu ta sallama yana sunkuyar da kai.

Idan kuwa an yanke maka, kada ka ɓoye. Manyan ma'aikatu kan nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda, kuma da zanen yatsa ake bincikawa. Ranar da asiri ya tonu, ƙaryar ce za ta kore ka tun kafin a zo maganar tsohon laifi. Amma kana da abin riƙewa. Dokar 2019, wadda ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali, ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna natsuwa a tsare, ta kuma hana a nuna wa mai ita bambanci saboda zaman da ya yi. Ka nemi wannan takarda. Sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya ba gwamna ikon yin afuwa a laifin da ya shafi dokar jiha.

Mu koma wurin mai shagon Wunti. Me yake tsoro? Kada ka yi wata biyu ka tafi. Kada ka raina shi don ka fi shi boko. Ga kuma wanda ba zai furta ba: ka fi shi sanin lissafi, idan ka taɓa masa kuɗi ba zai gane ba. Kai za ka amsa waɗannan tun bai tambaya ba. Ka ce, "Alhaji, ga abin da ya same ni, na yi zamana na gama. A gwada ni wata uku. A ba ni littafin shigar kaya da fitarsu, kuɗi su tsaya a hannun wani." Magana a taƙaice, ba dogon labari, ba ɗora wa alƙali laifi.

Kuma kada ka je kai kaɗai. A Bauchi, wanda ya tsaya maka ya fi takardar da ka riƙo nauyi. Limamin unguwarku, mai unguwa, ko tsohon malaminka, wanda ya san komai kuma ya yarda ya ce, "Ni na tsaya masa."

A ganina, kada ka tsaya kan ƙaramin aiki kawai. 'Yan sari a kasuwar Muda Lawal suna juya kuɗi masu yawa, wasunsu kuma ba su da tsayayyen mai rubuta musu lissafi. Ɗalibai na neman mai shirya su jarrabawar WAEC da JAMB, muddin laifinka bai shafi yara ba. Kana kuma iya yi wa sana'arka rajista a hukumar rajistar kamfanoni (CAC), ka riƙa yi wa shago biyar ko shida lissafin ƙarshen wata, kowa ya biya ka nasa. Bayan shekara, ka roƙi kowannensu ya rubuta maka takardar shaida, ka haɗa da digirinka ka sake komawa manyan ofisoshin.