Darasin rediyo: buɗe jawabi da rufe shi a gaban taro

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraronmu na Damagaram da kewaye, har Mirya, Magarya, Matamai da Tanut. Darasinmu na yau kan magana a gaban jama'a ne: taron iyayen yara a lakwal, ƙungiyar mata da ke neman tallafi, ko ɗalibin Jami'ar André Salifou da zai kare kundinsa. Malam, barka da zuwa. Daga ina mutum zai fara shiri?

Malam: Barka kadai, Hajiya. Daga ƙarshe zai fara. Kafin ya rubuta komai, ya ɗauki kaye ya rubuta jimla ɗaya: me nake so mutanen nan su yi idan sun tashi? Su ba da kuɗi, su sa hannu, su kawo yara rigakafi, ko su amince da bincikena? Wannan jimlar ita ce rufewa. In ba ta fito ba, buɗewar ma ba za ta fito ba, don bai san inda zai kai su ba.

Mai gabatarwa: Amma a nan gida ai da gaisuwa ake farawa.

Malam: Dole ne, kuma ba na cikin masu cewa a yar da ita. Wanda ya tsallake gaisuwa a Damagaram ya rasa manyan wurin tun kafin ya ce komai. Sai dai gaisuwa daban, buɗewa daban. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya samu minti goma, ya cinye huɗu yana jera sunaye, har na baya sun ciro waya suna dannawa. A jawabin minti goma, gaisuwa kada ta wuce daƙiƙa arba'in, buɗewa minti ɗaya, rufewa minti ɗaya, sauran na gundarin magana ne.

Tsarin kuwa: bismilla, sallama, sai mafi girman muƙami a wurin. In gwamna na nan ko wakilinsa, in Mai Martaba Sarkin Damagaram na nan ko wakilin fada, sai magajin gari, sai masu unguwanni da malamai. Daga nan ka haɗa sauran a dunƙule: iyayena mata, ƴan'uwana matasa. Kafin a fara, je wurin mai shirya taron da biro a hannu, ka tambaye shi wa ya zo da kansa, wa ya aiko wakili, kuma yaya ake faɗin muƙamin kowa. Ka gaida mutumin da bai zo ba, wakilinsa na zaune yana kallonka, ka ɓata wa mutum biyu rai. Kuma in kai ne na uku ko na huɗu da zai yi magana, kada ka sake jero su. Ka gaida babba ɗaya, ka ce "ina bin sahun waɗanda suka gabace ni wajen gaisuwa", ka wuce.

Mai gabatarwa: To an gama gaisuwa. Sai me?

Malam: Sai ka yi shiru na daƙiƙa biyu, ka ɗaga kai ka dubi jama'a. Shirun nan ne ke gaya musu an shiga magana. Jimlar da za ta biyo baya ita ce ta fi kowace tsada a jawabin, amma ita aka fi ɓarnatarwa. Za ki ji ana cewa "ni dai ba gwanin magana ba ne", ko "jiya da dare aka sanar da ni, ban shirya ba". Mai faɗin haka yana ganin tawali'u ne, mai sauraro kuwa abin da ya ji shi ne an ba shi izinin daina saurare. Haka ma "kuna jina?" tare da bubbuga makirfo. Gwajin makirfo kafin mutane su zauna ake yi, a riƙe shi kamar faɗin tafin hannu daga baki.

Bari in ba da misali. A ce shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli ce, tana neman injin niƙa. Buɗewa mara ƙarfi ita ce ta fara da shekarar da aka kafa ƙungiya da sunayen ƴan kwamiti. Mai ƙarfi kuwa ta ce: "Duk buhun gyaɗar da muka saya, kwana kaza yake yi kafin ya zama mai, domin layin niƙa. Da inji namu, wuni ɗaya ne. Yau zan nuna muku abin da bambancin nan yake ci mana, da abin da muke nema." Kin ga abu uku sun fito cikin numfashi uku: matsala, abin da zai canza, da hanyar da za a bi. Inda na ce kwana kaza, ta saka adadinta na gaskiya, wanda za ta iya karewa in an tambaye ta.

Mai gabatarwa: Wato lamba tana da amfani a farko.

Malam: Lamba ɗaya, ba tara ba. Kuma a faɗe ta yadda kunnen wurin ya saba. In allo ya nuna 500 000, ga jama'ar unguwa ka ce jika ɗari biyar, don da dala da jika muke lissafi a kasuwa. Ka karanto ta da lissafin faransanci, rabin mutane za su tsaya juyawa a ka, kai kuma ka yi gaba ka bar su.

Tambaya ma tana buɗe jawabi, amma da sharaɗi. Ta zama wadda za a amsa da ɗaga hannu, kamar "wa ya sayi ruwan jarka a makon nan?" A garin da kowa ya san wahalar ruwa, hannuwa za su tashi, kuma ka riga ka haɗa su a kan abu ɗaya. Kada ka jefa wa wani babba tambaya kai tsaye a gaban jama'a. In bai san amsa ba ka kunyata shi, in kuma ya sani zai karɓe maka minti biyar.

Mai gabatarwa: Karin magana fa, Malam? Bahaushe ba ya magana ba ita.

Malam: Tana da daɗi in ta faɗa daidai kan batun. Amma "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta" an ji ta a taro har ta gaji, ba ta ƙara tsayar da kowa. Sannan ka dubi wa ke zaune. Taron Damagaram akwai Barebari, Buzaye, Fulani, Tubawa, wani lokaci da baƙi da tafinta ke juya musu zuwa faransanci. In akwai tafinta, yi gajerun jimloli, ka tsaya bayan kowace biyu, kuma ka gaya masa karin maganar tun kafin a fara ya shirya mata. Lura kuma, da tafinta minti gomanka ya koma biyar.

Ɗalibi mai kare kundi, nasa ya fi sauƙi: ya gode wa shugaban alƙalan da za su tantance kundin da malamin da ya duba aikin a jimla ɗaya, ya faɗi tambayar da bincikensa ya so amsawa, da inda ya yi shi, da sassan da zai bi. Godiya ga iyaye da abokai tana nan a rubuce cikin kundi, ba sai ya karanto ta ba.

Mai gabatarwa: Mu koma rufewa. Me ke lalacewa a nan?

Malam: Abu na farko, "daga ƙarshe" sau uku. Da ka ce daga ƙarshe, mutane sun fara neman takalmansu. In ka ƙara minti biyar bayan nan, haushi suke ji, komai kyan abin da kake faɗi. Sau ɗaya ake faɗinta, kuma bayanta minti ɗaya ya rage. Na biyu, sabon batu a rufewa, "af, na manta ban gaya muku ba". In ka manta, bar shi sai lokacin tambayoyi. Na uku shi ne mutuwar murya: mutum ya ce "to, shi ke nan abin da nake da shi", yana tattara takardu, rabin jimlar ta faɗa ƙasa.

Rufewa mai aiki ta ƙunshi babban batun a jimla ɗaya, sai buƙata a fili: wa zai yi, me zai yi, yaushe, a ina. A taron kwamitin kula da makaranta, "mu taimaka wa ilimin yaranmu" ba buƙata ba ce, kowa zai gyaɗa kai ya tafi gida. Buƙata ita ce: "Kowane gida ya kawo gudummawarsa ta gyaran rufin aji wurin ma'aji kafin Juma'a mai zuwa, za a rubuta sunan kowa a ba shi rasit." Bayan nan godiya a taƙaice, sai sallama. In za a yi addu'a, buƙata ta riga ta, domin da an shafa fatiha taro ya watse, ko da kana da sauran magana.

Mai gabatarwa: In akwai tambayoyi bayan jawabi fa?

Malam: Nan ne da yawa suke asarar rufewarsu. Tambaya ta ƙarshe sau da yawa ita ce mafi nisa daga batu, ko ƙorafin wani, kuma da ita mutane za su fita. Don haka ka ajiye jimla biyu a aljihu. Bayan amsar ƙarshe ka ce "kafin mu tashi", ka maimaita buƙatar da ranarta.

Sai lokaci. Ka san ƙarfe nawa ake kiran azahar ko la'asar a masallacin da ke kusa. In ka ga saura minti uku, yanke daga tsakiya ka tafi rufewa kai tsaye. Tsakiya ake ragewa, ba a taɓa rage ƙarshe. Kuma buɗewa da rufewa a haddace suke, ba a kan majigi ba, don wuta na iya ɗaukewa ana tsakar magana. Ranar jajibiri ka tsaya a tsaye, ka faɗe su da ƙarfi sau biyar, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara da agogo a gabanka. Duk jimlar da numfashinka ya yanke kafin ka kai ƙarshenta, raba ta biyu.

Mai gabatarwa: Madalla, Malam, Allah ya saka da alheri. Masu saurare, layinmu a buɗe yake. Wanda ke da jawabin da zai yi a makon nan, ya kira ya karanto mana jimlarsa ta farko, Malam ya gyara masa ita a nan take.